Hancin motar tsere da mastik ya cinye: nazarin wani gyaran fibir a Yamai

Motar bugi ce, irin ta tseren rairayi: keji na bututun ƙarfe, kujera biyu, injin Volkswagen mai lita 1.6 wanda iska ke sanyayawa yana zaune a baya, sai jiki na fibir, wato zaren gilashi da aka daskarar da wani danƙo mai suna rezin, wanda aka ɗora wa kejin gunduwa-gunduwa. Akwai hanci, wanda ya haɗa kapo da mazaunin fitilu wuri guda, akwai gefe biyu, akwai murfin tayoyin baya. Cikin watan Afrilu aka kawo ta garejin da nake aikin fenti a Yamai. Mai ita ɗan kasuwa ne da ke fita tsere da abokansa a fakon bayan gari. Ya gangaro daga wani tudu da gudu, hancin ya caki gaɓar kori mai marmara. Buƙatarsa gajeriya ce: a liƙe, a shafe, a mayar da baƙin fenti yadda yake, a ba shi motarsa kafin fitarsu ta gaba.

Aikin fibir a garejinmu na Maigida ne, dattijon da ya koyi sana'ar a Kwatano wajen masu gyaran ƙananan jiragen ruwa. Nawa aikin yana farawa ne daga inda nasa ya ƙare, amma wannan karo na tsaya a kai tun daga wanki har feshi. Na ga ya cancanci a rubuta shi, domin ɓarnar da ta fi cin lokaci da kuɗi ba marmara ce ta yi ta ba. Wani gyara ne da aka taɓa yi wa motar, aka ɗauki fibir aka yi masa aikin ƙarfe.

Abin da aka tarar ƙarƙashin fenti

Tsagar da ido ke gani ta tashi daga ramin fitilar hagu ta gangara zuwa bakin da ake ɗaure hancin da keji, tsawonta wajen santimita 40. Kusurwar ƙasa, mai faɗin tafin hannu, ta ɓalle ta ɓata a daji. A kewayen kowane ramin ƙusa akwai siraran tsage da suka watsu ta ko'ina, haka ma a saman murfin tayoyi. Murfin dama na baya, wanda ke daf da bututun hayaƙi, ya babbake ya yi ruwan ƙasa, ya kuma sha baƙin mai.

Maigida bai bari an kusanto da injin guga ba sai da aka yi wanki: omo da ruwa ciki da waje, a bari ya bushe, sannan aseton da tsumma biyu, a jiƙa da ɗaya a share da ɗayan kafin ya tashi. Dalilinsa shi ne, in aka yi guga a kan mai ko man ƙyalli mai silikon da masu wankin mota ke shafawa, cikin zaren ake tura su. Daga nan rezin ba zai kama ba, fenti kuma zai riƙa gudu yana barin ƴan ramuka zagayayyu.

Da yara biyu suka sauke hancin, ya sa hannu ya ɗaga gefe ɗaya ya ce, "Wannan nauyi ba na fibir ba ne." Aka kife shi. A ciki, daidai inda tsagar ta bi, ga fallen tol, wato fallen ƙarfe, an kafa da ribit jere biyu. A waje kuma, da aka ɗora injin guga, farar ƙurar mastik, ƙullun nan da ake cike kwarin jikin mota da shi, ta yi ta tashi ba ta da niyyar ƙarewa. A wani wurin kaurinsa ya haura santimita ɗaya da rabi, alhali jikin fibir ɗin kansa bai wuce milimita 4 ba. Ashe tsohuwar karaya ce aka binne, marmara kawai ta tono ta.

Tolyen, wato mai gyaran jikin mota na ƙarfe, da ya yi wancan aiki abin da ya sani ya yi. Ƙarfe in ya lotsa ana buga shi ya dawo, in ya yage a yi masa walda, a shafa mastik, a wuce. Fibir ba ya lotsawa, ba ya karɓar walda. Abu biyu ne a haɗe: siririn zaren gilashi, da rezin, wani ruwa mai kauri da ke daskarewa ya riƙe zaren. Wanda ya taɓa ganin magini yana kwaɓa ƙasa da ramno ya riga ya fahimci rabin zancen, ƙasar ce ke ba da siffa, ciyawar ce ke hana bango tsagewa. Idan fibir ya karye, zaren ne ya tsinke, kuma babu abin da zai maido da ƙarfin wurin sai sabon zare da ya haye karayar ya kama lafiyayyen jiki ta kowane ɓangare. Mastik ba shi da wannan zare, tauri gare shi kawai. Jikin motar tsere kuwa motsi yake yi kullum, yana lanƙwasa yana dawowa a kan gargada. Tol ɗin da aka kafa ya hana wurin motsi, sai dukan nauyin ya koma kan ramukan ribit, kowane rami ya zama mafarin sabuwar tsaga. Ƙura da ruwa suka samu wurin zama tsakanin tol da fibir, tol ɗin ya yi tsatsa.

Kafin a yanke ko'ina sai da aka san iyakar raunin. Maigida ya ɗauki tsabar dala ashirin yana ƙwanƙwasa jikin da gefenta, kunnensa a kusa. Lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai kaifi, inda falle-fallen suka rabu da juna kuwa ƙarar a mace take fita. Sannan ya jiƙa cikin da aseton: lafiyayyen zare ya yi duhu ruwan zuma, mai rauni ya tsaya fari fat. Da ya gama zagayewa da alƙalami, raunin ya zarce bakin tsagar da ake gani da kusan taƙi guda.

Wani yaro ya kawo gwangwanin dekapan don a cire tsohon fenti da sauri, aka ce ya mayar. Ruwan cire fenti mai ƙarfi yana cin rezin yadda yake cin fenti, yana kuma shigewa cikin zare ya ɓuya, sai bayan an yi sabon feshi ya taso ya kumbura shi. Wuta ma haka, ba ta da wuri a nan. Duk tsohon fentin da takardar guga mai lamba 80 aka cire shi, ana bi a hankali kada a cinye jelkot, wato santsin fatar nan mai kaurin rabin milimita da ke fitowa tun daga kamfani.

Nan ne aka kira mai motar ya zo ya gani da idonsa.

"Baba, ni dai ranar Asabar ta sama za mu fita," in ji shi.

"Alhaji, ba a fafe gora ranar tafiya. In liƙi kake so, gobe ma sai ka ɗauka. In gyara kake so, sai ka bar rana ta yi nata aikin."

Maigida ya san liƙin gaggawa, bai raina shi ba. Tseren Paris-Dakar ya bi ta Agadas da Yamai tun zagayen farko na 1979, a 1989 ya ratso Agadas, Tawa, Yamai ya nufi Gao, a 2000 kuma daga filin jirgin saman Yamai aka kwashi motocin a manyan jiragen dakon kaya zuwa Sabha ta Libiya, shekarar da Jean-Louis Schlesser ya ci da bugi. Dattawan gareji da yawa sun ga makanikan tseren suna ɗinke jikin mota cikin dare da fitila. Amma wancan liƙi na kaiwa zangon gobe ne, a ƙarshen tsere sabon jiki ake sa wa motar. Alhaji ba shi da wani hancin a ajiye, kuma ba a sayar da irinsa a kasuwar Katako. Ya yarda ya haƙura da fita ɗaya. Murfin baya kuwa ya ce a bar shi, fenti kawai za a yi masa.

Haɗa tsagar

Abu na farko ba rezin ba ne, siffa ce. Rezin duk yadda ya samu jiki haka zai kulle shi, in a karkace ne a karkace zai dawwama. Aka mayar da hancin kan mota don a daidaita, sai ya ƙi zama. Ƙarfen da ke riƙe shi ta hagu ya tanƙware baya da kusan santimita 2. Da an gyara fibir ɗin a kan tebur an matsa shi kan wannan ƙarfe da ƙarfin ƙusa, da a fitar farko zai sake tsagewa. Aka sauke duk jikin aka kai shi nesa, domin fibir yana cin wuta, mai walda ya miƙe ƙarfen. Aka sake ɗora hancin, aka haɗa bakin tsagar, aka kafa ƴan katako uku ta waje da ƙananan sukurori suna haye da ita, aka auna daga kusurwa zuwa kusurwa da zare har hagu da dama suka yi daidai.

Sannan guga ta ciki, da takarda mai lamba 40. Ba kwari ake haƙawa a bakin tsaga ba, gangare ake yi mai faɗi. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin jikin sau 12, ke nan jiki mai milimita 4 yana son kusan santimita 5 ta kowane gefe. Duk inda zare ya yi fari an cinye shi har sai da lafiyayye ya bayyana, tsoffin ramukan ribit ma an faɗaɗa bakinsu suka shiga cikin gangaren.

An ɗan yi shawara kan irin rezin da za a sa, epoksi ko poliyesta. Epoksi ya fi poliyesta kamu a kan tsohon jiki, kuma ba ya janyewa sosai in ya daskare. Amma ya fi tsada, samunsa sai an yi saƙo, awonsa ba ya yafe kuskure, kuma tabarmar zaren da ake samu a nan, wadda ake kira mat, an ɗaure ta da wani danƙo da ke narkewa cikin poliyesta, ba ya narkewa da kyau cikin epoksi. Abin da ya yanke maganar shi ne, epoksi yana kama poliyesta, amma poliyesta ba ya kama epoksi da kyau. Motar tsere za ta sake bugawa, wannan babu shakka, kuma duk wanda zai gyara ta nan gaba, a Yamai ne ko a Tawa, poliyesta ne a hannunsa. Aka tsaya kan poliyesta, wanda dama da shi aka gina jikin.

Kayan nan daga bakin teku ko daga Kano suke zuwa, sau da yawa an juye su cikin gorar ruwa ba takarda ba kwanan wata. Rezin ba ya son daɗewa, ƴan watanni ne rayuwarsa, zafi kuma yana rage ta. Don haka Maigida bai taɓa jikin motar da shi ba sai da ya dama kaɗan a murfin gwangwani ya duba agogo, ya ga lokacin da ya fara kauri da lokacin da ya yi tauri. Wannan ɗan gwaji ya fi duk rantsuwar mai shago.

Maganin daskarewar, dirsisar, wanda a takarda ake rubuta MEKP, ana zuba shi ne tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rezin. Abin da kamfanoni ke rubutawa, cewa mutum yana da minti 15 zuwa 20 kafin ya kama, sun auna shi ne a zafin digiri 20 zuwa 25. Yamai a watan Afrilu tana haura 40 da rana, ƙarƙashin rumfar kwano kuwa abin ya fi haka, kuma duk ƙarin digiri 10 yana kusan raba lokacin biyu. Saboda haka aikin rezin daga idar da sallar asuba ne zuwa hantsi. Awon kuma kashi 1 ne, ba a sauka ƙasa da haka, don in ya yi kaɗan rezin ɗin ba zai taɓa nuna sosai ba, zai zauna da danƙo a ciki. Gram 200 a kan sikeli, mililita 2 a sirinjin kantin magani. Ba a dama da yawa, kuma a faffaɗan mazubi ake damawa, domin rezin yana haifar da nasa zafin, in ya taru a kofi mai zurfi sai ya dafa kansa ya yi hayaƙi kafin a kai rabin aiki. Na sha ganin masu zuba dirsisar da ido, "ɗigo kaɗan", kuma a ganina daga nan rabin lalacewar gyaran fibir a garin nan ke tasowa.

An yayyaga mat tun da dare an jera, babba zuwa ƙarami. Da hannu ake yagar bakinsa, ba da almakashi ba, don bakin da aka yaga yana bajewa ya ɓace, wanda aka yanka kuwa yana barin tudu. Mat mai gram 450 a kowane murabba'in mita yana ba da kaurin kusan milimita ɗaya. Maigida yana fara ɗora mafi faɗi, don falle guda ya kama gangaren gaba ɗaya. Wasu da ƙarami suke farawa, kuma nasu ma yana riƙewa.

Ga yadda hannunsa ke tafiya. Ya shafa rezin a gangaren da buroshi, ya ɗora mat, sannan ya riƙa caka buroshin a tsaye, ba ya ja. Da farko mat ɗin fari ne mai tauri. Bayan kamar minti ɗaya sai ka ga ya saki jiki, farin ya gushe, ya koma garai-garai har kana hango alamar alƙalamin da ke ƙasa. A lokacin ne yake ɗaukar ɗan abin murzawarsa, wanda ya haɗa da kansa da rondel, wato wasa, manya da ƙanana a jere kan doguwar ƙusa, ya bi daga tsakiya zuwa baki. Kana jin ƙaramar ƙarar iska tana fita. Duk farin ɗigon da ya rage kumfa ne, kuma kowane kumfa rami ne a cikin gyaran. Yaron da ke riƙe masa mazubi ya so ya ƙara rezin don wurin ya yi sheƙi, ya ce masa, "Kai yaro, ƙarfin a zare yake. In ya yi ƙyalli ka cika ruwa." Abin da ake nema shi ne rezin ya ninka nauyin mat sau biyu ko biyu da rabi. Ciki ya samu mat, saƙaƙƙen ƙyallen gilashi, sannan mat kuma. Ba a wuce falle uku ko huɗu a zama ɗaya, saboda zafin da suke tarawa.

Da cikin ya yi tauri aka cire katakan, aka juya, aka yi wa waje nasa gangaren har aka taɓo sabon zaren da ke ƙasa, aka cike da mat zalla. Saƙaƙƙen ƙyalle ba ya zuwa kusa da fenti, domin bayan ƴan watanni zanen saƙarsa yakan fito a fuskar fentin.

Kusurwar da ta ɓata da kwali aka kwaikwayo ta daga ɓangaren dama, aka juya shi. Aka lanƙwasa siririn fallen alminiyom a kan wannan siffa, aka rufe shi da sikoc mai faɗi, wanda rezin ba ya kamawa, aka tokare ta waje, aka gina kusurwar a kansa daga ciki. Ramukan ƙusa na hagu an toshe su gaba ɗaya, an ƙara musu falle biyu, an sake hudawa da ɗan faɗi fiye da ƙusar, aka sa roba sama da ƙasa da babban rondel. Na dama kuwa jelkot kawai aka gyara, don ƙwanƙwasawa ba ta nuna rauni a cikinsu ba.

Tsagen nan masu watsuwa ba sa ɓuya a ƙarƙashin fenti, ko an yi masa hawa goma. Kowane ɗaya sai da aka guge jelkot ɗin har ya ɓace, aka rufe da siririn mat. Na saman murfin tayoyi tsakuwar da taya ke watsowa daga ƙasa ce ke haifar da su, shi ya sa aka fesa wa cikin murfin baƙin maganin nan mai roba-roba da ake sa wa ƙarƙashin mota.

Ba zan wuce maganar lafiyar yara ba, don ita ce ta fi damuna a sana'ar nan. Dirsisar in ya shiga ido yana iya makantarwa, sai a yi ta zuba ruwa aƙalla minti 15 a garzaya asibiti. Ruwa ne garai, ga shi ana sayar da shi cikin gorar ruwan sha, a gareji mai cike da yara masu ƙishi. Maigida ya ɗaura wa tasa gorar jan ƙyalle ya kulle a akwati. Gawayin shayi an fitar da shi bakin titi, don aseton da tururin rezin wuta suke jira. Ƙurar gilashi tana son doguwar riga, tabarau da takunkumi, in an gama a wanke jiki da ruwan sanyi ba tare da cuɗawa ba. Fenti mai haɗi biyu da nake fesawa yana ɗauke da izosiyanat, wanda ke jawo asma da ba ta barin mutum. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi. Madarar da muka taso muka ga masu fenti suna sha bayan feshi ba ta wanke huhu, hanyarta daban. Mafi ƙaranci shi ne takunkumi mai gawayi sabo da wuri mai iska, mafi inganci kuma wanda ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo.

Rana, mastik da apre

Poliyesta yana ci gaba da nuna yana janyewa bayan ya yi tauri a hannu. In aka yi fenti da wuri, ranar da zafi ya buga jikin sai gyaran ya ƙarasa janyewa a ƙarƙashi, zoben wurin ya fito a fuskar fenti. A ƙasashen sanyi ɗaki mai zafi suke sa shi. Mu rana muke da ita kyauta. Bayan hancin ya kwana a inuwa ya yi tauri, aka ɗaura shi kan motar don kada ya karkace, aka bar shi a fili wajen mako guda.

Ana cikin haka Alhaji ya dawo ya ce a gyara murfin baya ma. Zaren da ya sha mai ba ya wankuwa, wanda ya ƙone kuma ya mutu, don haka aka yanke wurin duka aka gina sabo, aka sa masa garkuwar alminiyom da ɗan fili tsakaninta da fibir don iska ta ratsa. Amma lokaci ya ƙure. Wannan murfi bai samu rana ba, washegari aka hau shafa. Maigida ya faɗa masa abin da zai biyo baya, ya ce ya ji ya gani.

Daga nan aikin ya dawo hannuna. Mastik yana da wurinsa, ban ce a jefar da shi ba: cike ƴan kwaruruka, kauri kada ya wuce milimita 2 ko 3. Guga da dogon katako, lamba 80, sai 120, sai 180, a bushe. Ruwa ba ya taɓa mastik ko buɗaɗɗen zare, don suna sha su riƙe, daga baya su fito da ƙuraje a fenti. Na kan watsa ɗan baƙin feshi sama-sama kafin guga, duk inda baƙin ya rage kwari ne. Abin da ya fi cin rai shi ne ƙananan hudoji masu girman bakin allura da ke buɗewa duk inda aka guge fibir. Apre, wato shimfiɗar da ake fesawa kafin launi, ba ya cike su, haye su yake yi. Sai an hure da iska, an duba da fitila a kaikaice, an danna musu mastik mai laushi da gefen roba ɗaya bayan ɗaya. Bayan haka apre mai haɗi biyu hawa uku, ya kwana, guga da 320 da 400.

Launi da feshi

A kan launi ne muka fi jan magana. Baƙin jiki a ranar Yamai yana iya haura digiri 70, poliyesta na gama-gari kuwa a wajajen nan yake fara laushi. Ƙarfe bai damu ba, fibir ya damu: baƙi yana fito da kowane gyara fili, yana kuma sa faffaɗan wuri ya saki. Na ce wa Alhaji fari. Ya ce motarsa da baƙi aka san ta, kuma farin kapo yana kashe ido in rana ta yi gaba. Wannan magana tasa gaskiya ce. Aka tsaya kan farin jiki, da baƙin zane marar ƙyalli a saman hancin daidai gaban direba, wurin da babu gyara a ƙarƙashinsa.

Na zaɓi fenti mai haɗi biyu wanda ke fita da ƙyallinsa, ba mai launi daban da barni, wato ruwan ƙyalli na sama, daban ba. Motar da ƙaya da tsakuwa za su karce kowane mako ba ta bukatar fentin ɗakin nuni, tana bukatar wanda za a iya tattaɓa wuri ɗaya ba tare da an sake duka ba. Dirsisar na fenti da dilyan, ruwan sirka fentin, masu jinkirin bushewa na sa, don da na gaggawa fentin kan bushe a iska kafin ya isa jiki, ya sauka da kaushi.

Fibir yana da wani hali da ƙarfe ba shi da shi. In ka goge shi da busasshen tsumma yana tara wuta a jikinsa, ka kai hannu ka ji gashin hannunka yana tashi, ƙura kuma ta taho da kanta ta manne. A busasshiyar iskar bazara abin ya fi tsanani. Aka yayyafa wa ƙasan rumfa ruwa tun da dare, aka rufe gefuna da leda, aka zubar da ruwan da ya taru a tankin injin iska. Gogewar ƙarshe da fata mai ɗan danshi na yi ta, na bari ya sha iska, sannan ƙyalle mai danƙo a hankali. Kowane gunduwa a rataye daban, ba a kan mota ba, don bakuna da ramuka su samu fenti. Hawa ɗaya siriri, biyu cikakku, an gama kafin iskar hantsi ta taso. Lambobi da takardun talla sai da fentin ya yi mako guda aka manna, don sauran dilyan ya gama fita.

Bayan ta koma daji

Motar ta yi fita da dama kafin ruwan farko ya sauka, sannan aka kawo ta dubawa. Babbar tsagar ba ta motsa ba, dala ashirin ta amsa da kaifi tun daga fitila har baki, sabuwar kusurwa tana nan daram. A murfin baya kuwa, in ka tsaya a kaikaice da yamma, zoben gyaran ya fito sarai yadda Maigida ya faɗa. Ƙarfinsa lafiya lau, ido ne kawai ke gani, kuma yanzu da ya gama janyewa guga da feshi ɗaya za su share shi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne ramin ƙusa na dama. Siririyar tsaga ta fito a bakinsa, ɓangaren da ba a ƙara wa zare ba, ba a kuma sa wa roba ba. Hagu ya yi ƙarfi ya samu wurin motsi, sai girgizar ta koma inda ya rage a matse. An yi masa irin abin da aka yi wa hagu, an kuma sa roba a duk sauran ramukan jikin.

Maganar da ke gabanmu yanzu ita ce ta mul, wato mazubin da ake zuba sabon hanci a ciki. Tunda hancin ya dawo siffarsa, Maigida yana so a ɗauki zubinsa kafin ya sake bugawa: a shafe shi da kakin rabuwa hawa da yawa, a fesa jelkot, a gina mat mai kauri a kai cikin gida biyu saboda lanƙwasar fitilu, a tokare da katako. Kayan da zai ci sun fi na gyaran da aka yi, amma daga ranar duk hancin da ya fashe sabo za a zuba, mai nauyi daidai, ba tare da an jira saƙo daga waje ba. Alhaji ya ce a bari damina ta wuce. Maigida ma ya fi son haka, don rezin ba ya shiri da danshi, sai dai ya roƙe shi kada ya fita da motar cikin kori kafin lokacin.